Makullin akwatin zumunta

An zaɓe ni uwar zumuntar mata a ikkilisiyarmu ta nan Tawa a farkon 2015, 'yan makonni bayan an ƙona majami'u a Damagaram da Yamai. Lokacin kowa a tsorace yake. Dama can mu ba yawa gare mu ba, ƙidayar 2012 ta nuna Kiristoci ba mu kai ko ɗaya cikin ɗari na mutanen Nijar ba, sai ga wannan kuma. Mata suka duba, suka ce ga wadda ta yi lakwal, ta iya faransanci, ba ta jin tsoron tsayawa gaban dattawa. Na karɓa da hannu biyu. Shekara 6 na yi a kujerar, kuma huɗun farko ɓarna na yi ina zaton hidima ce. Ku 'yan mata da amaren da ake fara ba ku littafi ko jagoran waƙa, da ku nake.

Muna da ma'aji, muna da magatakarda, amma suna kawai. Akwatin kuɗi, wani ƙaramin akwatin ƙarfe mai kwaɗo, a ƙarƙashin gadona yake. Makullin yana ɗaure a bakin zanena. Kowace Laraba mace ta ba da dala 20, ni zan karɓa, ni zan rubuta, ni zan buɗe taro da addu'a, ni zan yi koyarwa, in mai tulu ta kuskure kiɗa har hararar ta nake yi. In wata ta ce, "Mama, kawo in taya ki," sai in ce, "Bar shi ɗiyata, yanzu zan gama." Gaskiyar magana ban yarda akwai wadda za ta yi daidai da ni ba. Kuma yabo yana da daɗi, kada wata ta ruɗe ku.

Abin da ya fi ci mani rai har yau ba na kuɗi ba ne. Kun san ƙasar Adar, da an gama girbi maza sun kama hanyar cirani, wasu Abijan, wasu Libiya, wani sai ya shekara biyu ba a ga ƙeyarsa ba. Wata yarinya cikinmu, aurenta bai fi shekara uku ba, ta same ni a gida bayan magariba. Ta zauna bakin tabarma tana murza gefen mayafinta, ta daɗe kafin ta ce mijinta ya daina aiko da komi, kuma ta ji labarin ya ajiye wata a can. Ta ce, "Mama, ke kaɗai na gaya wa." Laraba na zuwa na miƙe na ce mu yi addu'a domin wata 'yar'uwa da maigidanta ke Abijan ya juya mata baya. Ban faɗi suna ba, na ga kamar na yi dabara. To mu nawa ne? Mata 30 da 'yan kai, kuma biyu ne kawai mazansu ke Abijan, ɗayar ta haura hamsin. Kafin mu ce amin idanu sun koma kanta. Ba ta sake zuwa ba. Daga baya ta koma gidan iyayenta, ko sallama ba ta yi mani ba, kuma ban ga laifinta ba.

Saboda haka in mace ta kawo muku damuwarta, ku tambaye ta a fili: in kai wa zumunta, ko ya tsaya tsakaninmu? In ta ce ya tsaya, to ko maigidanku kada ya ji. Gulma da yawa a majami'a da rigar roƙon addu'a take shigowa.

Sai batun anko. Kirsimetin wata shekara na zaɓi atamfa mai tsada don kada matan wata ikkilisiya su fi mu fita. Gwauraye uku ba su saya ba, ranar kuwa suka zauna can baya, ba su shiga layin waƙa ba. Ni ko lura ban yi ba sai da aka gaya mani.

Allah ya tashi koya mani hankali a damina ta 2019. Ciwo ya kwantar da ni, aka kai ni asibitin Galmi, aka yi mani aiki, na yi wajen wata biyu ban taka majami'a ba. Ana cikin haka ruwan Agusta ya rusa ɗakin wata gwauruwa mai 'ya'ya huɗu. Mata suka zo gidana neman kuɗin taimako. Akwati a kulle, makulli yana tare da ni a Galmi, littafin kuwa da suka buɗe ba wadda ta gane shi, don da wasu alamomi nawa na kaina nake rubutu. Ma'ajin da aka zaɓa shekara huɗu ba ta san ko jaka nawa ke ciki ba.

Wadda ta fid da mu kunya wata tsohuwa ce mai tuyar ƙosai, Inna muke ce mata. Ba ta san ko harafi ɗaya ba, ban taɓa ba ta ko addu'ar rufe taro ba. Ita ta bi gida gida, wannan ta ba da tiyar hatsi, waccan tabarma, ta sa samarin ikkilisiya suka kwaɓa ƙasa, har maƙwabta Musulmi suka kawo itacen rufi. Ta raba mata uku uku, kowace ƙungiya da ranar kai abinci. Da na dawo na tarar ana taro lafiya lau ba ni. Ba zan ɓoye muku ba, abin ya sosa mani rai kafin ya faranta mani.

Na je gaishe ta, tana gaban kasko. Ba ta ɗago ba ta ce, "Ɗiyata, sannu da jiki. Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka." Na sha karanta labarin Yetro da ya ce wa Musa zai gajiyar da kansa da jama'a in bai raba aikin ba, har koyarwa na yi a kai daga Fitowa sura 18. Ban taɓa jin da ni ake ba sai a bakin kaskon nan.

Abin da muka gyara ba wani mai wuya ba ne. Akwati ya koma wurin ma'aji, makulli wurin wata dabam, kuma ƙarshen kowane wata a karanta lissafi da Hausa a gaban kowa. Koyarwa ta zama ta karɓa-karɓa. Ranar farko da wata amarya ta tsaya, muryarta na rawa, ta ɓata aya har sau biyu, na ji bakina yana ƙaiƙayi. Na danne harshena. In kun samu gaba, wannan dannewar za ta fi muku wuya fiye da tsayawa gaban taro, ku fara koyonta tun yanzu. Gyara kuwa a bari sai an watse, ku biyu kaɗai. Anko kuma sai an tambayi wadda ta fi kowa ƙaramin ƙarfi abin da za ta iya, a tsaya nan.

Amaryar nan ita aka zaɓa bayan na sauka a 2021. Yarinyar da na tona wa asiri kuwa na samu lambarta bara, na kira na roƙi gafara. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ya wuce, Mama." Ta tambayi lafiyar Inna, muka yi sallama. Har yanzu ba ta zo Tawa ba.