Yadda San Faransisko ke lissafin sababbin gidaje

Gwamnatin jihar Kalifoniya da ke Amurka ta ɗora wa birnin San Faransisko nauyin share fagen gina gidaje 82,069 tsakanin shekarar 2023 da 2031, kuma fiye da rabinsu na talakawa ne da masu matsakaicin ƙarfi. Kowace shekara, zuwa ranar 1 ga Afrilu, birnin yana miƙa wa sashen gidaje na jihar rahoton matakin da ayyuka suka kai: waɗanda aka amince da tsarinsu, waɗanda suka sami izinin gini, da waɗanda aka kammala har aka ba su takardar tarewa.

Abin da bai kwanta mini ba shi ne, izinin gini ake ƙirgawa wajen auna cika alƙawarin, alhali mai gini na iya riƙe takardarsa shekaru, fili a killace ciyawa tana cinye shi, saboda tsadar kayan aiki da hauhawar kuɗin ruwa. Duk da haka, lissafin yana da tasiri, domin a ƙarƙashin wata dokar jihar ta 2017, birnin da ya gaza yana rasa damar jan ƙafa wajen amincewa da ayyukan da suka cika sharuɗɗa.