Kwana uku ina neman laifi a wayar Hajiya

A Garwa nake aiki, ni ke kula da kwamfutocin wata ƙungiyar 'yan kasuwar albasa da gyada. Da muka so mambobi su riƙa duba asusunsu daga gida, sai na sa Nginx a gaban manhajarmu. Aikinsa irin na dillali ne: mai waya ya yi magana da shi ta ƙofa ta 443, shi kuma ya kai saƙon ciki, inda manhajar ke jira a ƙofa ta 8080.

Washegari ma'ajiyar ƙungiya ta kira ni. Tana sa suna da kalmar sirri daidai, shafin ya juya, ya dawo da ita inda ta fara. Na ce, "Hajiya, ki share tarihin burauzarki." Ta share. Na ce ta gwada wata waya, ta ari ta ɗanta. Kwana uku ina ɗora wa baiwar Allah laifin da ba nata ba, lokacin kuwa ana tsakiyar biyan manoma. Har yau abin yana damuna.

Daga ƙarshe na kira wanda ya koya mini aiki, yana Ngaundere. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ƙanena, ka ga kukin da idonka?" Ban gani ba. Zato kawai nake yi.

Kuki kamar tikitin da ake ba ka a tashar mota ne. Ka biya sau ɗaya, a ba ka 'yar takarda, duk wanda ya tambaya ka nuna. Saba, wato kwamfutar da manhajar ke kai, ita ke bayarwa ta layin Set-Cookie, burauza ta ajiye, ta riƙa nunawa a kowace buƙata. Na danna F12, maɓallin da ke nuna abin da ke gudana tsakanin burauza da saba, na duba: manhajar tana bayar da tikitin lafiya lau, amma sunan da ke wurin Domain, inda ake rubuta gidan da kukin yake wa aiki, na injin cikin ofis ne, ba adireshin da Hajiya ta buga ba. Burauza kuwa ba ta karɓar kukin da sunansa ya saɓa da gidan da ta zo, kuma ba ta gaya wa mai waya komai, yar da shi kawai take yi.

Dalili shi ne, in ba ka umarci Nginx ba, sunan da ka rubuta a proxy_pass, layin da ke nuna masa inda zai kai saƙo, yake miƙawa ciki a matsayin Host, wato sunan gidan da aka nema. Na ƙara proxy_set_header Host $host, suna ya daidaita.

Duk da haka ba a shiga ba. Wannan ta biyun ta fi ɓoyewa. Tsakanin Nginx da manhaja magana a buɗe take, ba HTTPS mai kulle saƙo, don haka manhajar ta ɗauka kowa haka ya zo, ta ƙi sa alamar Secure mai cewa kada a aika kuki sai ta HTTPS, alhali an saita kukin da SameSite=None, wato a aika shi ko daga wani shafin aka zo. Tun 2020, daga Chrome 80, irin wannan kuki ba ya karɓuwa sai da Secure. Na tura X-Forwarded-Proto ciki, layin da ke gaya wa manhajar cewa ta HTTPS mai waya ya zo, na saita manhajar ta yarda da shi.

Bayan la'asar na je ofishinta da kaina, na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, wayarki ba ta da laifi, saitina ne." Ta ce Allah ya kyauta, ta buga kalmar sirrinta a gabana, shafin asusu ya buɗe, ta ja littafin biyan manoma ta ci gaba.