Godiya ga Mutanen Jos Bayan Baje Kolin Hotuna

Assalamu alaikum.

Jiya da la'asar muka zare ƙusa ta ƙarshe daga bango, muka naɗe hotuna cikin tsofaffin jaridu, muka mayar wa masu zaure mukullinsu. Kwana uku ana shiga ana fita, an tashi lafiya, alhamdulillahi. Muryata ta dishe, don haka godiyar a rubuce za ta zo.

Zan fara da mutumin da ba don shi ba, da babu abin da za a rataya. Saura mako biyu a buɗe, na dawo daga kasuwar Farin Gada da sassafe, na sauka daga keke a Bauchi Road, na bar jakata a kujerar baya. Kyamara na ciki, da ma'ajiyar da na tara aikin shekara shida. Kwana biyu abinci bai wuce mini ba. Ashe direban ya kunna kyamarar yana neman alamar mai ita, sai ya ci karo da hoton wani dattijo mai shayi a Dilimi, wanda shi ma a teburinsa yake karyawa. Ya je ya nuna masa, ya ce, "Baba, wa ya ɗauke ka wannan?" Baba ya ce, "Yaron nan ne mai damuna da hoto kullum, zauna in aika a kira shi." Na miƙa wa direban tukuici ya ƙi karɓa. Abin da ya roƙa kawai in ɗauke shi jingine da kekensa. Ɗan'uwa, Allah ya saka maka da alheri, ya tsare ka a kan titi, ya mallaka maka keken kanka.

Sai iyayena mata na Farin Gada. Na san na takura muku. Hasken da nake so daga bayan asuba ne zuwa ƙarfe takwas, lokacin da hazo bai gama tashi ba kuma ana sauke kabeji da karas da dankalin Turawan Bokkos, wato daidai lokacin da ba ku da sararin kowa. Wata Hajiya ta taɓa ce mini, "Ɗana, me za ka yi da hoton tsohuwa da kwandon tattasai?" Ranar Asabar ta zo da jikokinta biyu, ta tsaya gaban hoton ta daɗe, sannan ta ce da na faɗa mata da ta canza mayafi. Hajiya, na gode, mayafin ma ya yi.

Na rataya hotunan tafiye-tafiye: dutsen Riyom, ruwan Assop, tsaunin Shere da sanyin Disamba. Su na fi kashe wa kuɗin mota, su ne kuma aka fi saurin wucewa. Ban ji haushi ba. Dutsen Riyom kowa ya gan shi a kalanda. Wanda ya ɗan tsayar da mutane shi ne na kududdufin da ke wajen Bukuru, ruwa shuɗi kwance kamar an shimfiɗa. Ina ta karɓar yabo sai wani dattijo da mahaifinsa ya yi leburancin kuza ya ce, "Malam, ka san rami ne ko? Haƙa aka yi aka kwashe kuza aka tafi aka bar mana. Ya ci shanu, ya ci mutane." Na sani, amma ban rubuta a ƙasan hoton ba, kuma kuskurena ne. A daren na sake takardar. Baba, na gode da gyara.

Na gode wa malamar da ta kawo ɗalibanta. Sun ga hoton ginin ƙasa mai bakan gizo suka ce, "Malam, yaushe ka je Zariya?" Na ce ko Zariya Road ban bi ba. Kwafin masallacin Zariya ne da ke harabar gidan tarihi na nan Jos, wanda aka buɗe a 1952, inda tsofaffin kawunan yumɓu na Nok suke. Yaran garin ne, amma ba wanda ya taɓa shiga. Malama ta yi alkawarin kai su.

Inda zauren ya cika kuwa, kusurwar hotunan marigayi mahaifina ce. Mai hoto ne, rumfarsa na kusa da Terminus, zamanin fim da ɗakin duhu. Inna ce ta adana nagatif ɗinsa a akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado, duk da sau biyu muna tashin gida, duk da mu 'ya'yanta mun sha ce mata tarkace ne. Inna, ki yafe mana. A ciki akwai hotunan babbar kasuwa tun kafin gobarar Fabrairun 2002. Wani bawan Allah ya ɗora yatsa a kan gilashi ya ce, "Ga shagona nan, na uku daga ƙofa." Bai ƙara magana ba, muka ba shi kujera. Can sai wata mata da ta biyo daga coci ranar Lahadi ta gane shi, ashe maƙwabtan rumfa ne, ita atamfa shi takalma, rabonsu da juna tun rikicin 2001 da ya raba unguwanni. Suka tsaya suna lissafa mutanen cikin hoton ɗaya bayan ɗaya, wane ya rasu, wance ta koma Bauchi, wannan yaron mai tura baro yanzu alhaji ne. Samarin da aka haifa bayan gobarar suka zagaye su suna saurare. Kyamara na rataye a wuyana, ban ɗaga ta ba.

Na ajiye littafi a wurin, kuma kafin a rufe an cika shafuka da sunayen mutanen da ni ban san su ba, mahaifina kuma ba ya nan balle in tambaye shi. Duk wanda ya rubuta ko suna ɗaya, na gode.

Mai firam da ya yi mini aiki bashi, abokaina masu hoto da suka ara mini fitilu, ƙannena da suka kwana suna goge gilashi, da uwargida da ta shayar da baƙi zoɓo da kunun aya har ƙafarta ta kumbura, Allah ya biya ku. Waɗanda suka zo suka tarar an tashi sallah an rufe ƙofa, a yi mini afuwa.

Wanda ya ga kansa ko wani nasa a cikin hotunan mahaifina, ya yi mini magana, zan wanke masa kwafi kyauta. Mai tsohon hoton kasuwar ko tashar jirgin ƙasa a gida kuma, ina roƙon aro, a gabansa zan kwafa in mayar masa.

Hoton direban keke yana nan na sa masa firam, bai zo ya karɓa ba. Na bar shi a teburin Baba mai shayi.