Kare bututan tirelar kwana idan sanyi ya sauko ba zato

Masu tirelar kwana, wato ɗakin tafi-da-gidanka da mota ke ja, a arewacin ƙasar Amurka, a jihohi irin su Minnesota da Michigan, ba su cika asarar bututu ba, domin tun watan Oktoba suke zubar da ruwan da ke cikinta, su rufe ta, sai sanyi ya wuce. Mu da ke zaune a kudu ne sanyin yake mamaya, saboda mun saba fita da ita a kowane wata, kuma ruwa ba ya rabuwa da bututanta. A ranar 16 ga Fabrairu 2021 ma'aunin zafi a yankin Dallas ya sauka zuwa digiri 19 ƙasa da sifiri a ma'aunin Selshiyas, sannan fiye da gidaje da wuraren kasuwanci miliyan 4 a jihar Texas suka rasa wutar lantarki. Gidajen da aka gina a ƙasa ma bututansu sun fashe, balle akwatin da ke tsaye a kan tayoyi, iska tana kaɗawa ta ƙarƙashinsa.

Ruwa idan ya daskare yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100, kuma wannan ƙarin ne yake neman hanya da ƙarfi. Bututan roba na PEX da ake sa wa yawancin tirelolin zamani suna ɗan buɗewa su jure, amma mahaɗansu na roba mai tauri ba sa jurewa, haka ma injin tura ruwa, da bawul ɗin masai, da famfon wanka na waje wanda kowa yake mantawa da shi. Abin takaicin shi ne ba a ganin ɓarnar a daren da ta auku. Sai ƙanƙara ta narke, an kunna injin, sannan ruwa ya fara bin ƙarƙashin daɓe yana jiƙa katako.

Shawarar da aka fi bayarwa ita ce a kunna hitar gas a bar ta tana aiki har safe. Ba laifi, amma ni ban yarda a dogara da ita kaɗai ba. Hitar tirela da gas take ƙonawa, sai dai fankar da ke hura zafin da batir mai bolt 12 take aiki, kuma idan wutar sansanin da aka ajiye tirelar ta ɗauke, batir ɗaya yana iya mutuwa kafin gari ya waye. Gas ɗin ma ba ya daɗewa, domin tukunya mai fam 20 ba za ta wuce kamar awa 14 ba idan hita mai ƙarfin BTU 30,000 (ma'aunin yawan zafin da take bayarwa a awa) tana ci babu tsayawa. Guguwar da ke kawo irin wannan sanyi kuwa ita ce take tsinka wayoyin wuta ta kuma rufe hanyar zuwa sayen gas. Saboda haka idan hasashen yanayi ya nuna za a daɗe ƙasa da sifiri har rana ba za ta narkar da komai ba, abin da nake yi shi ne fitar da ruwan gaba ɗaya, mu sha na jarka.

Aikin ba ya cin lokaci. Da farko a kashe tukunyar dafa ruwa, ta gas da ta lantarki, a jira ta huce, domin idan aka zubar da ruwanta tana kunne, ƙarfen da ke dumama ruwan zai ƙone nan take. A cire tiyon da ke kawo ruwa daga waje, a buɗe magudanan ƙasa guda biyu, na ruwan zafi da na sanyi, a buɗe kowane famfo, a kuma zubar da babban tanki. Wanda yake da kwamfaresa sai ya hura iska ta mashigar ruwa, kada matsin ya wuce psi 40 a ma'aunin matsin iska, yana buɗe famfo ɗaya bayan ɗaya har sai iska zalla take fita. Bayan haka sai a juya bawul ɗin da ke sa ruwa ya kauce wa tukunyar ruwan zafi, in ba haka ba galan 6 na maganin hana daskarewa mai launin hoda, wanda za a zuba a bututan, zai shige cikinta a banza, alhali galan 2 zuwa 3 sun isa bututan tirela matsakaiciya. A bar injin ya ja maganin har sai ruwan hoda ya fito a kowane famfo da masai, sannan a zuba kamar kofi ɗaya a kowace magudanar wanke-wanke da ta wanka, saboda lanƙwasar da ke ƙarƙashinsu kullum tana riƙe da ruwa.

Maganin nan mai launin hoda an yi shi ne musamman domin bututan ruwan sha. Na lagireton mota guba ne mai kisa, kada ya kusanci waɗannan bututan ko da shi kaɗai ya rage a kanti. A kudu kuwa na hodar yakan ƙare a shaguna da zarar an yi shelar sanyi, shi ya sa nake ajiye nawa a cikin tirela tun watan Nuwamba.

Idan sanyin na dare ɗaya ne, ya ɗan sauka ƙasa da sifiri kafin asuba, ba sai an yi duk wannan ba. A cika tanki, a cire tiyo a zazzage shi, a buɗe ƙofofin kabad domin ɗumi ya kai ga bututai, a kuma rufe bawul ɗin tankunan ƙazanta don kada ruwa ya daskare a bututun fitarwa. A nan hitar gas ta fi ƙaramar hitar lantarki amfani, domin a tireloli da yawa ita ce take tura ɗumi zuwa ƙasa inda tankuna suke, ta lantarki kuwa ɗaki kawai take dumamawa. Kada a kunna murhun girki don jin ɗumi, iskar da yake fitarwa a rufaffen wuri tana kashe mutum yana barci.

Idan yanayi ya sassauta, a ɗauraye bututan har launin ya ɓace, a rufe duk famfuna, a kunna injin a saurara. Idan ya cika bututai ya yi shiru, komai lafiya. Idan kuwa yana tashi lokaci zuwa lokaci ba wanda ya taɓa famfo, akwai inda ya tsage, sai a kashe shi a fara dubawa daga bayan masai da famfon waje.