Daga Tamburawa zuwa Zawaciki: zagayen duba filaye a kudancin Kano

Duk wanda ya taso daga Zariya zai shiga Kano, da ya wuce Kura da Karfi ya haura gadar Tamburawa, zai ga gona ta fara ja da baya, bulo ya fara cin ƙasa. Nan na sauka daga mota na haɗu da abokan tafiyata biyu, wani dillalin filaye ɗan yankin da wani safiyo, muka ɗauki hanyar da na tsara: Dangwauro, Na'ibawa, titin zagaye na yamma, garin Kumbotso, Zawaciki, mu ƙare a Panshekara da Challawa. Abin da ya kawo ni shi ne in ga inda kuɗi zai iya zama ya haihu a wannan gefen na Kano, da inda zai nutse.

Tun kafin mu isa Dangwauro dillalin ya fara nuna min gonaki da ɗan yatsa. "Alhaji, duk nan an yanka. Wannan awon igiya ne, wancan na bayan tankin awon gwamnati." Wannan rabon gida biyu shi ne ginshiƙin duk cinikin fili a Kano, kuma wanda bai gane shi ba gara ya riƙe kuɗinsa. Awon gwamnati shi ne wanda ma'aikatar ƙasa ta tsara, ta fitar da tituna da magudanan ruwa da filin makaranta da na masallaci, ta kafa duwatsu masu lamba a kusurwar kowane fuloti. Awon igiya kuwa mai gona ne ya kira masu awo suka yanka masa yadda zai fi samun riba. Eka ɗaya murabba'in mita 4,047 ce, fuloti mai ƙafa 50 da 100 kuma kusan murabba'in mita 465 ne. Idan aka fitar da titi na gaskiya, da ƙyar eka ta ba da irin wannan fuloti shida. Mai awon igiya sai ya yanka ƙafa 50 da 50, wani lokaci ƙasa da haka, ya bar lungun da mota biyu ba za su iya gilma wa juna ba. Mun shiga irin wannan lungu a ƙafa. Safiyon ya ja tef daga katanga zuwa katanga, bai kai ƙafa 12 ba, kuma a tsakiyarsa ruwan wanka na gidaje ya haƙa wa kansa hanya. Tifar yashi ba za ta shiga ba, sai dai a sauke a bakin hanya a kwashe da baro, wanda kuɗi ne na daban a kan kowace tifa har a gama ginin.

Ba cewa nake awon igiya haramun ne ba. Yawancin sababbin unguwannin gefen Kano a kansa suka tashi, kuma shi ne abin da mai ƙaramin ƙarfi yake iya saye. Amma a san abin da aka saya. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa duk ƙasar jiha a hannun gwamna, takardar mai unguwa da ta dagaci shaida ce kawai cewa an yi ciniki a gaban mutane, ba ta zama satifiket ba. Idan gwamnati ta buƙaci wurin don amfanin jama'a, dokar ta ba ta ikon karɓa, diyyar da ta tanada kuma ta abin da aka gina ne ko aka shuka, ba ta tsadar da filin ya yi a kasuwa ba. Wanda ya sayi fili ya bar shi fayau yana jiran ya yi tsada, shi ne ya fi kowa asara ranar da aka zo da katafila. Rusau ɗin da aka yi a cikin birni a watan Yunin 2023, a tsohon otal ɗin Daula da Filin Idi, ya nuna cewa ko mai takardar gwamnati ma yana bukatar ya tambayi asalin filin: na makaranta ne a da, na maƙabarta, ko na masallaci?

A Dangwauro muka daɗe, don nan ne na ga ciniki na gaske yana motsi. Babbar kasuwar da aka gina a bakin titin Zariya ta samu rai tun da aka matsa wa masu sayar da magunguna na Sabon Gari, a 2024, su koma cibiyar sarin magani da ke cikinta. Kasuwar magani tana jan abubuwa da yawa a bayanta: masu dako, masu a-daidaita-sahu, masu abinci, masu cirar kuɗi da na'ura, da yaran shago da ke son ɗaki kusa don kada kuɗin mota ya cinye albashinsu. A ganina, a nan ɗaki ciki da falo mai banɗaki a ciki ya fi katafaren gida saurin samun mai haya. Ma'ajiyar magani kuma akwai nemanta, sai dai ba kowane sito ne zai yi ba. Magani yana son wuri mai sanyi marar laima, ƙasa da siminti mai kyau, katako a ƙarƙashin kwali, rufi da silin, kuma hukumomin da ke kula da harkar magani sai sun duba wurin sun amince. Wanda ya gina rumfar kwano zalla a zafin Kano na watan Afrilu, hatsi zai ajiye a ciki, ba magani ba.

Kusa da nan akwai rukunin gidajen Kwankwasiyya da Amana, waɗanda aka gina a zangon mulkin Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu, tsakanin 2011 da 2015. Tituna a shimfiɗe, tsari mai kyau, amma sun ɗauki shekaru ba su cika da mutane ba. Na tsaya a kansu ne don abu ɗaya: gini mai kyau ba ya kawo mazauna da kansa. Mutum yana tarewa ne inda akwai ruwa, makarantar yara, maƙwabta, da abin hawa da zai kai shi kasuwa da asuba.

Wani abin da ake yawan mantawa a bakin wannan titi shi ne haƙƙin hanya. Titin Zariya na gwamnatin tarayya ne, kuma doka ta ware mita 45.72 daga tsakiyar titi zuwa kowane gefe. Dillali zai ce maka "fuska titi ne, Alhaji", ya ɗora kuɗi a kan hakan. Ka sa a auna daga tsakiyar kwalta. Sau da yawa jerin shagunan da kake lissafin za su biya maka kuɗin ginin duka a cikin haƙƙin hanya suke.

Mun wuce ta gaban Sa'adatu Rimi, kwalejin horar da malamai da aka taɓa ɗagawa zuwa jami'a a 2023, daga baya aka mayar da ita kwaleji. Ɗakunan ɗalibai sana'a ce a nan, mai riba idan akwai ruwa da tsaro, musamman na mata, amma a lissafa da hutu da yajin aiki. Na'ibawa ba mu tsaya ba sai don shan ruwa. Kasuwannin 'Yan Lemo da 'Yan Katako da tashar mota sun riga sun sa wurin ya yi tsadar da sabon shiga ba zai ci riba da sauri ba.

Da muka hau titin zagaye na yamma muka nufi garin Kumbotso, sai manyan turakun lantarki suka fara bayyana, saboda babbar tashar rarraba wuta mai ƙarfin kilobolt 330 da ke ciyar da Kano tana nan. Dillalin ya kai mu wani fili mai arahar da ta ba ni mamaki. Safiyon bai ce komai ba, ya ɗaga kai sama kawai. Wayoyi ne ke wucewa ta kan kusurwar filin, kana jin zizarsu a kunne. Ƙa'ida ita ce layin 330 yana da hurumin mita 50, wato 25 kowane gefe, na 132 kuma mita 30. Ba a ba da izinin gini a ciki, kuma wanda ya gina ba shi da bakin neman diyya. Araha ba ta ado.

A nan muka je gaida dagacin wani ƙauye, don ba a duba gona a ƙasar mutum ba tare da an yi masa sallama ba. "Ranka ya daɗe, gonar da ke gabas da makarantar allo muka zo gani." Tambayar farko da ya yi ita ce wa ya kawo mu cikin magada. Gonar ta gado ce, ba a raba ba, kuma akwai 'yan'uwa mata biyu da ke aure a wani gari. Wannan ita ce matsalar da ta fi kowace kai masu saye kotu a gefen Kano. Babban wa ya sayar, ya ci kuɗi, bayan shekaru ƙanwa ta dawo da 'ya'yanta suna neman rabonta, alhali ka riga ka kai gini linta. Maganin abin a bayyane yake: a nemi takardar rabon gado daga kotun shari'ar Musulunci, a ga sunan kowane magaji da kasonsa, kowa ya sa hannu ko ya wakilta wani a rubuce. Idan kason mutum ɗaya za ka saya a gonar da ba a raba ba, ka tuna sauran suna da haƙƙin shuf'a a fiƙihun Malikiyya, suna iya mayar maka da kuɗinka su karɓi kason.

Zawaciki ita ce sunan da ke bakin kowane dillali yanzu. A nan Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin layin dogo na zamani daga Kano zuwa Kaduna a watan Yulin 2021, a nan kuma ya buɗe tashar tsandauri ta Dala a watan Janairun 2023, inda ake son a riƙa tantance kwantena a Kano maimakon Legas. Hujjar mai kyau ce, don riɗi da zoɓo da fata da citta da ake fitarwa waje ta Kano suke bi. Amma lokacin da na je layin dogon bai kammala ba, kuma kuɗin filayen kewaye ya riga ya hau kamar jirgin ya fara zuwa. Wanda zai saya a nan ya saya da kuɗin da ba ya bukata nan kusa, kuma ya tabbatar daga ma'aikatar ƙasa cewa filin ba ya cikin abin da aka keɓe wa layin dogo ko faɗaɗa tashar. Abin da na ga yana kawo kuɗi tun yau shi ne fili mai faɗi da aka katange aka zuba masa tsakuwa don kwanan tireloli, da masu gyaran taya da masu abincin direbobi a gefensa. Jarinsa kaɗan ne, kuma bai hana a gina sito a kai gobe ba.

Panshekara da Challawa yankin masana'antu ne, da kamfanonin jima da na robobi da na abin sha, ga kuma tashar wutar sola mai megawat 10 da aka buɗe a 2023. Ma'aikata suna da yawa, haya ba ta kwana. Matsalar wurin ruwa ce. Dagwalon masana'antun jima ya daɗe yana gangarawa kogin Challawa, don haka duk wanda zai haƙa rijiya ko ya kafa gidan ruwan leda a kusa, ya kai ruwan ɗakin gwaji tukuna. Ƙarƙashin ƙasar Kano kuma dutse ne, ruwa a tsagoginsa yake zama, shi ya sa maƙwabcinka zai samu ruwa kai ka haƙa ka tarar da ƙura. A biya masu binciken ƙasa su nuna wurin haƙa kafin a kira motar burtsatse. Sannan a kula da tsofaffin kududdufai da ramukan da aka ɗebi ƙasa aka cike da shara. Da rani ba a gane su. Safiyon ya sa wani yaro ya haƙa rami kamar ƙafa huɗu a wani fili da aka nuna mana, sai ga leda da tsumma da baƙar ƙasa mai wari suna fitowa. Gini a kan wannan zai tsage cikin 'yan damuna, sai dai a kashe kuɗin tushe da ya fi na filin. Filin gefen Kano a watan Agusta ake duba shi, bayan an yi ruwa mai ƙarfi.

A hanyar komawa ta Sharaɗa muka zauna muka jera matakan da za a bi kan filin da ya tsallake duk waɗannan. Safiyo ya ɗauki lambobin kusurwa huɗu da na'ura, a kai KANGIS, hukumar da ke ajiye bayanan filaye ta jihar Kano, a bincika sunan wa ke kan fayil, ko an jinginar da shi a banki, ko yana cikin wani tsarin gwamnati. Idan mai satifiket ne, cinikin bai cika a doka ba sai an samu amincewar gwamna an yi rajistar takardar sayarwa. A biya ta banki zuwa asusun mai filin kansa, ba na dillali ba, da shaidu da maƙwabtan iyaka huɗu a wurin. La'ada kashi 5 cikin 100 aka saba, amma a yanke tun farko wa zai biya, don dillali ɗaya kake gani, ranar biya sai su zama biyar. Kafin a sa bulo ɗaya a nemi izinin gini daga KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano.

Sai katanga, wadda ita ce ke hana a sayar da filinka sau biyu. Kewayen fuloti 50 da 100 ƙafa 300 ne, kusan mita 91. A tsayin mita biyu zai ci bulo mai inci tara wajen 1,800, ban da na tushe. Buhun siminti ɗaya bulo 25 zuwa 30 ya kamata ya fitar, masu buga na kasuwa kuwa suna kai shi 40 ko fiye, shi ya sa yake marmashewa a hannu. Gara a sayi siminti da yashi a kira mai inji ya buga a wurin, a yi ta ba shi ruwa safe da yamma har mako guda kafin a fara ɗorawa. Idan kuɗin katangar duka bai samu ba, a ɗaure kusurwa huɗu da ginshiƙai, a ja layi uku na bulo a kewaye, a ba wani manomi na kusa ya riƙa shuka gyaɗa a ciki da rubutacciyar yarjejeniya cewa aro ne.