Kwana uku da kama aiki: abin da na koya a tarihin Michelle Howard

Duk wanda ya taɓa karɓar sabon ofis ya san yadda satin farko yake, ba ka gama sanin sunayen mutanenka ba balle inda aka ajiye fayil. To ita Michelle Howard, babbar hafsar sojan ruwan Amurka, kwananta uku kacal da karɓar ragamar rundunar CTF 151, wato rundunar haɗin gwiwar ƙasashe da ke yaƙi da 'yan fashin teku a gaɓar Somaliya, sai ga labari wai 'yan fashin sun kama wani jirgin dakon kaya mai suna Maersk Alabama. Ranar 5 ga Afrilun 2009 ta kama aiki a jirgin USS Boxer, ranar 8 abin ya faru. A wani kwas na shugabanci da wurin aikinmu ya tura ni na fara karanta tarihinta, kuma gaskiya ya canza min yadda nake kallon aikina.

Matar nan an haife ta a 1960, babanta sojan sama ne. Tana shekara 12 ta ce ita makarantar hafsoshi za ta, alhali doka ba ta yarda mata su shiga ba, sai a 1976 aka buɗe ƙofar. Ta gama makarantar sojan ruwa ta Annapolis a 1982. Abin da kowa ke yawan faɗi a kanta shi ne ta farko, ta farko, baƙar fata mace ta farko da ta jagoranci jirgin sojan ruwan Amurka, USS Rushmore a 1999, sannan a 2014 mace ta farko mai anini huɗu a rundunar. Duk gaskiya ne kuma abin alfahari ne. Amma ni inda idona ya tsaya shi ne 1990, lokacin da aka ba ta babbar injiniyar jirgin USS Mount Hood mai dakon harsasai da bama-bamai, ta je yaƙin Tekun Fasha a haka. Ɗakin injin fa, can ƙasa cikin zafi da ƙara da baƙin mai, inda ba mai zuwa ya ɗauke ka hoto. A lokacin ma ba a barin mata su yi aiki a jiragen da ke shiga fagen daga, sai 1993 aka cire dokar, don haka jiragen dako da na gyara aka yi ta tura ta, ita kuwa ta zauna ta san jirgi ciki da bai.

Ni a sashen gyaran injina nake a masana'antarmu, kuma na sha jin 'yan'uwana mata suna cewa an jefa su inda ba a ganinsu, wasu har neman canji suke zuwa ofis mai sanyi. Na fahimce su wallahi, akwai wariya, ba ƙarya ba ne. Sai dai ranar da injin ya tsaya da tsakar dare kuma kaya na jiran mota, wacce ta san kukan injin ita ake bugawa waya, kuma daga ranar maganarta take fara nauyi a mitin.

Mu koma teku. 'Yan fashin su huɗu ne, ma'aikatan jirgin suka fi ƙarfinsu, sai 'yan fashin suka tsere da kyaftin ɗin jirgin, Richard Phillips, a cikin ƙaramin jirgin ceto suna neman kuɗin fansa. Ga manyan jiragen yaƙi, Bainbridge da Halyburton da Boxer, da an so a minti ɗaya za a nutsar da su, amma ai mutumin da ake son cetowa yana ciki. Don haka aikin ya koma na haƙuri: a hana su isa gaɓar Somaliya don in suka taka ƙasa da shi shikenan, a yi ta magana da su ta bakin tafinta mai jin Somaliyanci tare da shawarar masu sulhu na FBI, a ba su ruwa da abinci, har mai ya ƙare musu suka yarda Bainbridge ya ɗaura musu igiya yana ja. Kwana huɗu ana wannan, duniya na kallo, Washington na tambaya. Ni a nan na fi koyon darasi, domin a wurin aiki in matsala ta taso oga na sama yana ta kira, abin da zuciya ke cewa shi ne yi wani abu yanzu-yanzu ko da ba daidai ba ne, don dai a ga kana motsi. Jan lokaci da gangan, kana sane da abin da kake jira, ya fi wuya nesa ba kusa ba.

Ranar 12 ga wata gwanayen harbi na SEAL, wato zaratan sojan ruwan Amurka, da ke bayan Bainbridge suka kashe uku daga cikin 'yan fashin lokaci guda, aka fito da Phillips da ransa. Kwamandan Bainbridge, Frank Castellano, shi ne yake wurin yana gani da idonsa, kuma an riga an ba shi izinin yanke hukunci in ran kyaftin ɗin ya shiga haɗari. Wannan ma na ɗauka, yanzu in zan bar masu aikin dare ina gaya musu ƙarara abin da za su iya yankewa ba sai sun tashe ni ba, da wanda dole su kira.

Kuma ban manta da ɗaya ɓangaren ba, na huɗun, Abduwali Muse, matashi ne ƙwarai, an kai shi Amurka aka yanke masa shekara 33 da wata 9. Ya taso a ƙasar da gwamnatinta ta rushe tun 1991, jiragen waje suna kwashe musu kifi ba mai hanawa. Ba na wanke fashi, amma abin yana taɓa ni, tunda mu ma Tekun Gini ya sha fama da masu satar ma'aikatan jirgi. Howard daga baya ta riƙe rundunar ruwan Amurka ta Turai da Afirka daga 2016, ta yi ritaya a ƙarshen 2017 bayan shekara 35 tana aiki.