Ƙwan Ista a Bukobina

Makon jiya na leƙa ƙauyen Ciocănești a yankin Bukobina, arewacin Romaniya, inda ake bikin zanen ƙwai duk shekara kafin Ista.

Wata dattijuwa ta zaunar da ni kusa da murhu. Tun farko an huda ƙwan an hure cikinsa, saura ɓawo. Ta tsoma wani ɗan tsinke mai bakin ƙarfe cikin narkakken kakin zuma, ta shiga jan layi siriri kamar mai zanen lalle, hannu ko rawa babu. Duk inda kaki ya rufe, rini ba ya kamawa. Sai ta jefa ƙwan cikin rini mai launin ruwan ɗorawa, ta ƙara kaki, ta sa a ja, ta ƙara, baƙi ne ƙarshe. A nan ƙwan ya yi muni sosai, wallahi. Da ta kanga shi a wuta ta goge da tsumma, sai ga ƙahon rago da zangarniyar alkama sun fito fes.

Jan, in ji su, jinin Almasihu ne. Ƙananan ƙwai masu zanen gargajiya sun fi burge ni kan manyan na jimina da ake jera wa 'yan yawon buɗe ido.